Tambayi Goggo: Rage ƙiba da cefanen jaka biyu

Salamu alaikum Goggo, ya aiki, ya zafi? Ni tela ce a unguwar Yelwa, nan Garwa. Shekarata 38, 'ya'yana biyar. Tun haihuwar auta jikina ya buɗe bai koma ba. Watan jiya na je asibiti saboda ciwon kai da gwiwa, aka ɗora ni a sikeli aka ce kilo 92, tsayina kuma mita 1.62. Ma'aikaciyar ta ce jinina ya fara hawa, in rage ƙiba. To Goggo da me? Jaka biyu, wato sefa dubu biyu, maigida ke bayarwa na cefane, mu bakwai, tukunya ɗaya. Abin da nake gani a waya duk na masu hali ne, su tuffa da naman kaza da wani hatsi na gwangwani. Akwai maƙwabciyata mai sayar da shayin rage tumbi, jaka goma kwali, ta ce in biya sau biyu. In saya?

Wata uwa, Garwa

Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki saya. Irin wannan shayi galibi ganyen filasko ne ko danginsa, wato maganin wankin ciki aka zuba a kwali mai kyau. Za ki kwana kina zarya bayan gida, da safe ki hau sikeli ki ga kilo ɗaya ya tafi, ki yi murna. Ruwa ne ya fita. Kitse na nan inda kika bar shi, kwana biyu kuma ruwan ya dawo. Idan aka daɗe ana sha, yana zubar da sinadarin fotasiyam wanda zuciya ke aiki da shi, ke kuwa ga jini ya fara hawa. Ki ba maƙwabciyarki haƙuri cikin mutunci, ki ce likita ya hana.

Ma'aikaciyar nan ta gaya miki gaskiya. Yadda ake lissafin, a ninka tsayi da kansa, a raba nauyi da abin da ya fito. Naki ya ba da 35, ƙiba kuwa daga 30 take farawa. Amma kada wannan ya karya miki gwiwa, don babu mai cewa ki koma jikin 'yanmatancinki. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi ya isa a ga canji a awon jini da na sukari, ke a wurinki kilo 5 zuwa 9 ke nan. Akwai babban bincike da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002, a kan mutum sama da 3,000 waɗanda ke dab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58. Rabin kilo a mako ya wadatar. A haka, cikin wata huɗu kin kai inda ake so.

Yanzu mu shiga madafinki. Ba na son ki ƙara ko dala a kan jaka biyun nan. Na yi aikin jinya a Marwa har na yi ritaya, kuma abin da ya fi tara wa matanmu ƙiba, a abin da na gani, abubuwa ne da ake kashe wa kuɗi: sukari, mai, da ɗan abin taɓawa na bakin titi. Duk wanda kika rage a ciki, canji zai dawo miki a lalita.

Ba ki ambaci shayin da kike sha kullum ba a wasiƙarki, amma na san shagon ɗinki, butar shayi ba ta sauka daga kan gawayi. Ɗauki ƙwayar sukarin kwali guda ki riƙe a hannu, nauyinta kimanin giram 5 ne. Idan kina jefa huɗu a kofi, sau uku a yini, giram 60 ke nan, kafin a zo ga kunun safe da zoɓon rana. A wata kin sha kusan kwali biyu ke kaɗai, a shekara ya haura kilo 20. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce babban mutum kada ya wuce wajen giram 50 a yini, in da hali ma ya tsaya a 25, wato ƙwaya biyar kacal, shayi da kunu da komai a ciki. Madarar gwangwani mai kauri kuwa, fiye da rabinta sukari ne. Lemon kwalba yana ɗauke da kusan giram 10 a kowane mililita 100, don haka babbar kwalba guda ta cinye miki rabon yini har da na gobe.

Kada ki yanke shi dare ɗaya, ba za ki jure ba. Wannan makon ƙwaya uku, mako mai zuwa biyu, sannan ɗaya. Ki jefa citta, kanumfari ko na'ana'a a butar. Harshe yana sabawa, har ranar da za a ba ki shayin gidan biki ki ji ya yi miki zaƙi fiye da kima. Zoɓo kuma ki riƙa ɗibar naki a kofi kafin a zuba wa na yara sukari.

Sai mai. Babban cokali guda yana da kalori wajen 120, kuma a wannan fanni duk ɗaya suke, da man gyaɗa, da manja, da Diamaor na 'ya'yan auduga da muke saye a nan. Matsalar ita ce yadda muke karkata kwalba a kan tukunya muna hira, sai mun ga mai ya taso ya rufe fuskar miya sannan mu ce ta yi. Ki ajiye cokali a gefen kwalbar, ki riƙa aunawa. Miyar mutum bakwai cokali huɗu ya ishe ta, miyar kuka ko kuɓewa ma ba ta neman haka. Idan miyar gyaɗa ce kada ki ƙara mai ko kaɗan, gyaɗar da kanta kusan rabinta mai ne. Fanken safe ki mayar da shi na ranar Juma'a. Waken da za ki soya ƙosai, ki turara shi alala.

Zancen tukunya ɗaya da kika yi shi ne ya fi tsaya mini a rai, don yawancin masu ba da shawara nan suke mantawa. Macen da ke girka wa mutum bakwai ba ta da gawayin girki biyu, in ma ta yi sai an ce ta ware kanta. To ba sai kin ware ba. Tuwon da kowa zai ci shi za ki ci, abin da zai canza shi ne kwanonki. Mu a nan malmala muke cika kwano da ita, miya kuwa ɗan abin shafawa. Ki juya lissafin. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunki, miyar ganye kuma ludayi biyu ko uku, mai kauri, har ki riƙa sha da cokali. Ki zuba naki a kwanonki daban, ƙarami, domin in hannu biyar na cikin tire ɗaya ba mai sanin abin da ya ci. Idan kin gama ki tashi daga wurin. Kuma 'yata, ragowar yara ba taki ba ce. Na san zuciyar uwa, tana ganin loma uku a kwanon auta ta ce kada a yi asara, ta kai baki, ta kankare ƙanzo ta haɗa. A rufe a ɗumama musu da safe.

Tuwon wane hatsi? Na dawa ya fi, musamman lokacin da muskuwari, wato dawar rani, ke shigowa kasuwa daga gonakin laka da ake kira karal bayan girbi. Ki ce wa mai inji kada ya surfe ta ƙal. Dusar nan da muke zuba wa awaki, a cikinta harzar da ke riƙe ciki take, da ita ake daɗewa ba a ji yunwa ba, kuma sukari ba ya hawa jini da gaggawa kamar na farar shinkafa da burodi. Sai dai kada wani ya ruɗe ki cewa dawa ba ta sa ƙiba. Malmala uku ta dawa, malmala uku ce. Shinkafa, ko ta Yagwa ce ko ta waje, in za ki dafa ki yi rabi da rabi da wake.

Wake kuwa ki riƙe shi da hannu biyu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, abin da ake nema a nama, ga shi mudu guda ya ciyar da gida. Ki jiƙa shi tun dare, zai nuna da wuri, ki huta da gawayi, ki kuma huta da kanwa. Na ambaci kanwa da gangan: sinadarin da ke cikin gishiri mai tayar da hawan jini, wato sodiyam, yana cikinta ita ma. Haka dunƙulen magi, wajen rabinsa gishiri ne. Gishirin da aka yarje wa mutum a yini bai kai giram 5 ba, ƙaramin cokali guda ke nan, har da wanda ke ɓoye a magi da burodi. Inda kike jefa dunƙule huɗu ki jefa biyu, ki cike da daddawa, albasa, tafarnuwa da garin busasshen kifi. Ƙananan kifin tafkin Lagdo da na Maga, waɗanda ake dakawa da ƙayarsu, sun fi tsokar nama araha nesa ba kusa ba, kuma ƙayar tana gina ƙashi.

Ganye Allah ya hore mana: yakuwa, lalo, tafasa, zogale, rama, alayyafo, ganyen wake. Da damina har kyauta ake samu, sai ki shanya a inuwa ki adana. Da rani ga masu lambun bakin Binuwai da kabeji, karas, yalo da tumatir. Hukumar Lafiya ta Duniya dai ta ce a ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini, kuma ba ta ce sai tuffa ba. Mangwaro guda a lokacinsa, gwaiba, gwanda, kankana, duk sun shiga, in dai ci za ki yi da tsokarsu, ba a matse a ƙara sukari ba. Kwaɗon zogale da ɗan ƙuli-ƙuli da albasa abincin rana ne cikakke, ki tafi da shi shago a ɗan kwano. Mai zama a kan keke daga safe zuwa la'asar, in ba ta zo da abinta ba, duk mai tallan da ya leƙo sai ya yi ciniki.

Kada ki ce za ki bar karin kumallo don ki rame. Wadda ta yini da yunwa da dare take ramawa, ta ci ta kwanta. Kunu ko koko ba sukari sosai, da alala ko dafaffen ƙwai, ya isa. Kindirmo ma yana da kyau in ba a cika shi da sukari ba.

Tafiya kyauta ce. Minti 30, kwana biyar a mako, da ɗan sauri yadda numfashi zai ɗaga amma kina iya magana. Ranar Garwa a watan Maris da Afrilu tana wuce digiri 40, don haka bayan sallar asuba ko dab da magariba za ki fita, da gorar ruwa. In shago ba nisa, ki bar ɗan acaɓa, kuɗin ya shiga asusu. Saboda gwiwar, fara da minti 10 ki riƙa ƙarawa. A shago ma duk awa ki miƙe, ki yi guga ko yanka a tsaye.

Abu ɗaya zan gaya miki tun yanzu don kada ya zo miki ba shiri. Ranar da zanenki ya fara kwancewa za a yi magana. Wata ta ce ko maigida ya rage cefane, wata ta ce ko kishiya za a yi miki, wata ta yi ƙasa da murya ta tambayi ko lafiya. A garin da 'yanmata ke shan sha-ka-fashe don su cika kafin aure, ba abin mamaki ba ne. Ki sanar da maigida tun farko cewa umarnin asibiti ne, shi ma rage gishiri da mai zai amfane shi. Ki koma a auna jininki bayan wata guda, ki roƙa a duba sukari. In an ba ki maganin hawan jini ki sha, abinci ba ya maye gurbinsa. Idan kuma kina da ciki ko kina shayar da jariri, a dakata da zancen rage nauyi sai an ga likita.

*

Goggo barka da war haka. Ni direban babbar mota ne, ina ɗaukar kaya daga Ngaundare zuwa Njamena. Tumbi ya fito mini har ɗaure takalmi yana ba ni wuya. Azumin Litinin da Alhamis zai sauke shi?

Ɗanki, Kusiri

Ɗana, azumin ka yi shi don lada, Allah ya karɓa. Tumbin kuma ya danganta da abin da ka sha ruwa da shi. Idan ka buɗe baki da lemo, ka bi da burodi guda da tsire da shayi mai madara, abin da ka rage da rana ka mayar da shi kafin isha'i. Sauran kwana biyar ɗin su ne abin dubawa.

Ka samu tef na tela ka auna cikinka daidai saman cibiya. Ga namiji, daga santimita 94 an fara shiga haɗari, in ya kai 102 abin ya yi nisa, don kitsen ciki shi ya fi jawo ciwon sukari da na zuciya. A hanya ka sa jarkar ruwa kusa da kai a maimakon lemo da abin shan nan na gwangwani mai hana barci, wanda shi ma sukari ne fal. A tasha ka nemi mai tuwo ko mai wake, ka ce malmala ɗaya, a ƙara miya. Tsire ka zaɓi tsoka, ka ce a bar kitsen, a cika maka albasa da tumatir. Duk inda kuka tsaya, Garwa ko Marwa ko layin kwastan na gadar Ngeli inda ake yini ana jira, ka sauko ka zaga motar da ƙafa minti goma sha biyar kafin ka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta. In kana shan maganin sukari, kada ka fara azumin nafila sai ka tambayi likitanka, domin sukari na iya faɗuwa kana riƙe da sitiyari.