Hasken da Murtsunguwar Hamada Take Bukata a Ɗaki da Waje

Ɗana, ka tambaye ni yadda za a yi murtsunguwar da asalinta hamada ne ta ƙone a rana, bayan ta yi watanni a kan tebur cikin ɗaki har kanta ya sirance ya koɗe, sannan da ka fitar da ita fili domin ta farfaɗo sai ga gefenta ya yi tabo. Abubuwa biyu ne suka same ta, kuma kowanne da nasa dalili: da farko yunwar haske, daga baya kuma sauyin da aka yi mata farat ɗaya.

Bari in fara da ɗakin, domin a nan ne yawancin masu koyon wannan aiki suke ruɗuwa. Idon mutum yana sabawa da kowane irin haske, saboda haka ɗakin da kake iya karatu a cikinsa ba tare da wahala ba sai ka ɗauka ya ishi shuka, alhali kuwa da sauran tafiya mai nisa. Ana auna haske da ma'aunin da ake kira luks. Rana tsaka a fili, idan babu gajimare, tana kaiwa luks 100,000, amma tsakiyar ɗaki da kyar yake wuce luks 500. Kuma hasken yana raguwa da sauri gwargwadon yadda ka yi nisa da taga, ta yadda tukunyar da take jingine da gilashi da wadda take taku uku a baya ba za a ce halinsu ɗaya ba. Saboda haka wurin murtsunguwa a ɗaki shi ne bakin taga, kuma tagar da rana take shigowa kai tsaye na tsawon awa 4 zuwa 6 a kullum, ba wadda take da haske kawai ba. A ƙasashen da suke can arewa da layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, tagar kudu ce ta fi, a na kudu kuma tagar arewa. Kusa da layin kuwa, inda rana take bi ta bisa kai, tagogin gabas da yamma ne suke samun ranar. Kada ka dogara da abin da aka faɗa maka kawai. Ka tsaya da hantsi, da azahar, da la'asar, ka ga inda rana take sauka da idonka.

Siririn kan nan da ka gani miƙewa ce ta neman haske. Sabon tohon yana fitowa koɗaɗɗe, mai laushi, ƙayoyinsa ƙanana kuma nesa da juna, ya karkata wajen taga. Ka sani cewa wannan wurin ba ya komawa daidai har abada. Ko da ta samu rana daga baya, sai dai sabon tsiro ya yi kauri a bisansa, a bar ta da siririn ƙugu a tsakiya. Idan ya yi muni, gara a yanke shi da wuƙa mai tsabta, a bar wurin ya bushe, ta sake fitar da 'ya'ya daga gefe. Kana kuma iya juya tukunyar kaɗan duk mako domin kada ta karkace, amma idan ta fara ƙunshin fure ka bar ta yadda take, domin wasu sukan zubar da shi idan an sauya musu fuska.

Inda babu taga mai kyau, fitilar shuka ta LED tana maye gurbi, muddin an sanya ta kusa, kamar santimita 15 zuwa 30 daga kan shukar, a kunna ta awa 12 zuwa 14. Kada ka bar ta kunne dare da rana. Murtsunguwa da dare take buɗe ƙananan ƙofofin da suke jikin fatarta ta shaƙi iskar kabon, ta adana ta, sannan da rana ta rufe su domin kada ruwanta ya tsere, ta yi amfani da hasken wajen haɗa abincinta. Duhun dare wani ɓangare ne na aikinta.

Yanzu sai batun ƙuna, kuma a nan ne nake so ka natsu sosai. Ba rana ce abokiyar gabarta ba, gaggawa ce. Fatar da ta tsiro a inuwa siririya ce, ba ta yi kaurin da za ta jure zafin fili ba, kuma gilashin taga yana tare wani kaso na hasken da yake ƙona fata, saboda haka ko wadda ta zauna a bakin taga sai an bi ta a hankali. Haka ma wadda aka sayo sabuwa, domin galibi a ƙarƙashin rumfa aka rene ta. Yadda ake yi shi ne, a fara ajiye ta a waje cikin inuwa mai haske na wasu kwanaki, sannan a ba ta ranar hantsi ta awa ɗaya ko biyu, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har tsawon mako 2 ko 3 kafin a bar ta ta wuni a fili. Kana yi kana duba jikinta. Idan ta yi ja-ja ko ruwan hoda, gargaɗi take yi maka, kuma launin yakan koma idan ka sassauta. Idan kuwa wani wuri ya yi fari ko rawaya ya lotsa, to ya riga ya ƙone, daga baya zai bushe ya zama tabo mai kauri wanda ba ya gogewa, ko da yake shukar takan ci gaba da rayuwa.

Ko a hamadar ma, ba kowace take tashi a tsakar rana ba. Babbar murtsunguwar nan da ake kira saguwaro, ta hamadar Sonora da ke tsakanin Amurka da Meziko, wadda takan wuce mita 12, tana fara rayuwarta ne a gindin wata bishiya da take yi mata inuwa shekara da shekaru kafin ta fi ta tsawo. Don haka ƙananan tsiro suna son garkuwa, kuma a wurin da zafin la'asar yake da tsanani, ragar inuwa mai tare kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na rana tana amfanar har da manya, musamman waɗanda suke cikin baƙar tukunyar roba da take gasa saiwa. Jikin shukar ma yana gaya maka abin da take iya ɗauka: mai ƙaya cunkus ko farin gashi ta zo da laimarta, mai santsin jiki da ƙaya jefi-jefi kuwa ta fi saurin ƙonewa. Waɗanda asalinsu dazukan Birazil ne, masu faffaɗan reshe da suke rayuwa a kan bishiyoyi, ba sa cikin wannan lissafi ko kaɗan, inuwa suke so.

Akwai wata ƙa'ida da masu dashe suke kiyayewa wadda ban ga dalilin sakaci da ita ba, tunda ba ta cin komai. Murtsunguwar da ta daɗe a waje, gefen da yake fuskantar rana ya fi ɗaya gefen tauri. Kafin ka ɗaga ta, ka yi alama da alli a jikin tukunyar ko ka ɗaura zare a ƙaya, domin ka mayar da ita tana kallon inda ta saba.

Sannan ka riƙa haɗa ban ruwa da yawan haske. Idan haske ya ragu, kamar a lokacin sanyi ko idan ka mayar da ita ɗaki, ƙasar tana daɗewa ba ta bushe ba, kuma ruwa da ɗumi ba tare da rana ba su ne suke sa ta miƙewa ko saiwarta ta ruɓe. A irin wannan lokaci ka rage ruwan sosai, ka daina sa taki, ka ajiye ta a wuri mai sanyi-sanyi, kuma kada ka sake ba ta ruwa sai ka tura tsinke har gindin tukunyar ya fito a bushe.