Tambayoyinku: ƙanwata ta kafe sai ta zama jarumar fim

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ban shawara. Ƙanwata ta gama sakandare, kullum tana kan waya tana kallon finafinan da ake nuna rayuwar 'yan fim, gidaje a Lekki, motoci, kwalliya, yanzu ta kafe ita ma sai ta shiga. Wai haka rayuwar take da gaske?
Maman Ilham, Agege

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Ina ganin ƙanwarki ƙyalƙyalin take kallo tana barin saƙon, don yawancin finafinan nan ai tonon silili suke yi wa masu ƙaryar arziki. Ki duba fim ɗin Jenifa na Funke Akindele da ya fito 2008, yarinyar ƙauye ce ta shigo Legas karatu tana son dole sai ta shiga sahun manyan 'yan mata, mutane suka yi ta dariya amma ƙarshenta bai yi daɗi ba.

Gidajen da take gani kuwa sau da yawa haya furodusa yake kamawa na kwanakin ɗauka, motar ma haka, ana gama lokeshin kowa ya koma inda ya fito. Abin da ke ban tausayi wallahi shi ne a harkar nan suna yana riga kuɗi zuwa, kowa ya san fuskarki a kasuwannin Legas irin su Idumota da Mile 12 amma aljihu ba nauyi, ga kunyar a ganki cikin motar haya ta danfo, ga taron kyaututtuka irin su AMVCA da aka fara 2013 inda ake kece raini da sutura, sai mutum ya faɗa aron kaya da cin bashi don kar a ce ya talauce, wasu daga nan suke faɗawa hannun mutanen banza.

Ban ce sana'ar ba ta da kyau ba fa. Ali Nuhu a Kano ya faro ya yi aiki har nan Kudu, a 2024 aka ba shi shugabancin hukumar finafinai ta ƙasa, amma shekaru sama da ashirin ya yi yana aiki kafin nan.

Kar ki yi mata faɗa, ki zauna ku kalli fim ɗin tare har ƙarshe ki tambaye ta me ta gani. In wasan take so da gaske ta nemi karatun wasan kwaikwayo, akwai shi a Jami'ar Legas, kuma da sanin iyaye. Duk wanda ya ce ta biya kuɗi ko ta same shi a otal kafin ya sa ta a fim, ta toshe lambarsa.