Jini Na Bugawa a Ƙafar Baba, Me Ya Hana Mikin Warkewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ya shekara 12 da ciwon suga. Wata biyu ke nan takalmi ya ji masa ciwo a babban yatsa, har yau mikin bai kame ba. An taɓa ƙafar an ce jini na bugawa, an auna idon sawu an ce lafiya lau. To me ya hana shi warkewa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya.

Bugun da aka ji na manyan jijiyoyi ne. Masu kai jini ga fatar yatsa kuwa ƙanana ne, sun fi gashi siranta, kuma suga na lalata su a hankali ba tare da mutum ya sani ba.

Awon idon sawun ma yakan yaudare mu. Ana raba ƙarfin jinin idon sawu da na dantse. In sakamakon ya gaza 0.9, akwai toshewa. Amma a mai suga bangon jijiyar kan sandare, robar awo ta kasa matse ta, sai lamba ta fito da kyau alhali jini bai isa ba. Na taɓa duba wani dattijo, tela, wanda awonsa ya haura 1.4, amma yatsunsa sanyi ƙalau kamar an tsoma su a randa. Tun daga ranar ban ƙara dogara da wannan awo shi kaɗai ba.

Ki roƙa a auna ƙarfin jinin babban yatsa, da 'yar robar da ake naɗa masa. Jijiyoyin yatsa ba su cika sandarewa ba. In awon ya gaza 30, miki na wuyar warkewa sai an buɗe hanyar jini. Akwai kuma na'urar da ake mannawa a bayan ƙafa, ta ɗumama fata zuwa kusan digiri 44, ta auna iskar oksijin da ke isowa. Ƙasa da 25 abin damuwa ne. An fi samun waɗannan a asibitocin koyarwa. A haɗa da gwajin ji a tafin ƙafa, domin ƙafar da ta daina jin zafi takan ci gaba da taka miki. A duba masa ido da fitsari ma, domin irin waɗannan ƙananan jijiyoyi ne a ido da ƙoda.

A gida, ki danna cikin yatsan na daƙiƙa 5 ki saki. Ya kamata jan ya dawo cikin daƙiƙa 2 zuwa 3. Wannan manuniya ce kawai.

Kada a gasa ƙafar da ruwan zafi ko a kusantar da ita ga garwashi. In Baba na shan taba, ya daina. Ku koma asibiti cikin makon nan. In kuwa yatsan ya fara baƙi, ko wari, ko zazzaɓi ya shigo, a ranar za ku tafi.