Jan ƙasa da sandar kare gida daga shokin

Malam, ka tambaya ko jan ƙasar filinka na Samaru, tunda tana da ƙarfe a ciki, za ta ja wuta da kyau idan ka kafa sandar tagulla ta kare gida daga shokin. A'a, kada ka dogara da jan launin nan. Ƙarfen da ke cikin marmara, wato irin jan ƙasar nan, ya riga ya zama tsatsa, ita ce ma ta ba ƙasar launinta, kuma tsatsa ba ta wuce da lantarki. Abin da ke ɗaukar wuta a ƙasa shi ne damshi da gishirin da ya narke a cikinsa. Ko ka ga maganaɗisun tsohuwar sifika ya kwaso baƙaƙen ƙwayoyi daga ƙasar, wannan ya nuna akwai ma'adinin da maganaɗisu ke kamawa ne kawai, ba shaidar jan wuta ba ce.

A aikin wayarin da nake yi a Zariya, busasshiyar marmara ita ta fi ba mu wahala. Sanda a lakar fadamar Kubanni takan ba da awo mai kyau, amma a kan tudu sai an haƙa an wuce marmarar, an tarar da ƙasa mai laima. Wasu na zuba gawayi da gishiri a ramin. Yana taimakawa, sai dai gishirin na cin sandar a hankali. Don Allah a auna yadda ƙasar ke jan wuta da mitar awon lantarki a watan Maris, lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau, domin awon damina yakan ruɗi mutum.