Agogon aljihu mai sunan Breguet: na gaske ne ko jabu?

Malam, ka ce ka sayi tsohon agogon aljihu a wajen masu gwanjo, an zana "Breguet à Paris" a fuskarsa da kan injinsa, mai kauri ne, da makulli ake ɗaura shi, kuma akwai 'yar siririyar sarƙa a ciki kamar ta keke. Na daɗe ina buɗe irin waɗannan agogunan, kuma daga kwatancenka, da wuya ya zama daga shagon Breguet ya fito. Amma kada ranka ya ɓaci. Mai yiwuwa jabu ne na zamanin shi Breguet ɗin kansa, mashahurin mai ƙera agogo, wato ya haura shekara 200.

Abraham-Louis Breguet haifaffen Neuchâtel ne a Suwizalan, a 1747. Ya kafa shagonsa a Paris a 1775, ya rasu a 1823. Tun yana raye sunansa ya yi tashe har masu ƙera agogon araha suka riƙa zana shi a kan kayansu ba tsoro. Abin ya dame shi, sai a 1795 ya ɓullo da sa hannun ɓoye, wani rubutu ɗan mitsitsi da ake karcewa a fuskar agogon, galibi a ƙarƙashin lamba 12, wanda ba ka ganinsa sai ka karkata shi ga haske. Kowane agogo kuma yana da lambarsa a littafin shagon, kuma kamfanin na riƙe da littattafan har yau.

Ni dai suna shi ne abu na ƙarshe da nake dubawa, domin zana shi ba wuya. Injin nake kallo. Breguet ya shahara ne da agogo marar kauri, mai tsaftar aiki, ba tarkacen ado. In ka ga tulu mai kauri, da sarƙa, da zanen furanni an yi shi a gurguje, to ai magana ta ƙare.

Ba shi kaɗai aka yi wa haka ba. Thomas Tompion da George Graham na Landan sun sha wannan. Akwai ma wasu da masu tara agogo ke kira jabun Holan, waɗanda akasari a Suwizalan aka ƙera su, aka rubuta musu "London" da sunaye irin su Tarts ko John Wilter. Ana gane su da sauƙi: a agogon Ingila na lokacin, murfin da ke rufe ɗan kewayayyen ƙarfen da ke lilo a cikin injin, ƙafa ɗaya gare shi da sukurori ɗaya, na nahiyar Turai kuwa gada ce mai ƙafa biyu. Azurfar Landan kuma tana ɗauke da hatimin zaki da kan damisa da harafin shekara.

Don Allah kada ka goge shi da man goge ƙarfe, kada kuma ka matsa wajen ɗaurawa. Sarƙar nan in ta tsinke, samun mai gyaranta sai an sha wahala. Irin naka yana da masu saye, sai dai a kuɗin tsohon agogon Suwizalan, ba kuɗin Breguet ba. Turo mana hoton injin da cikin murfin baya, a hasken rana, mu ga hatimin da lambar.