Filin Masu Mota: Baƙin Mai, Littafin Lissafi da Kyautar Mai Son Tsere

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Tumfure, cikin garin Gombe, kuma ina da Toyota Corolla ƙirar 2006 wadda aka shigo da ita daga Amurka. Kusan kowane mako nakan je Bauchi in dawo. Bakanikena yana zuba mini baƙin mai mai kauri, 20W-50, yanzu kuma ya ce a cire tamostat domin injin yana ɗaukar zafi da bazara. Shin in amince masa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yarda a cire tamostat. Aikin wannan ɗan ƙarfe shi ne ya tsare ruwa a cikin injin har ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki da shi, sannan ya buɗe hanya ruwan ya wuce lagireto ya huce. Idan aka cire shi, injin zai daɗe bai yi ɗumi ba, musamman da asubahin hunturu, kwamfutar motar kuma za ta ci gaba da tura fetur fiye da kima domin a wurinta injin bai gama tashi ba. Asarar biyu ce: man da kake ƙonawa, da kuma injin da ke cin kansa a hankali. Zafin da kake gani yana da dalili, kuma dalilin ya kamata a nema. A duba ko fanka tana tashi a kan lokaci, ko lagireto ya toshe da ƙura da tsatsa, ko murfinsa ya daina riƙe ƙarfi, ko famfon ruwa ya gaji. Idan tamostat ɗin ne ya maƙale, a sayi sabo a maye gurbinsa. Ina kuma roƙonka ka daina zuba ruwan rijiya ko na burtsatse zalla, domin yana barin gishiri da tsatsa a hanyoyin ruwa. Ka sayi ruwan sanyaya inji na musamman, kuma kada ka taɓa buɗe murfin lagireto injin yana da zafi.

Game da baƙin mai, kamfanin ya rubuta 5W-30 ga wannan injin, kuma sau da yawa za ka ga lambar a kan murfin da ake zuba man. Mai kauri ba ya saurin isa sassan sama na injin idan an tayar da shi da safe, kuma a wannan ɗan lokaci ne ƙarafa suka fi gogar juna. Bakanikai da yawa sun saba da 20W-50 tun zamanin Peugeot 504, kuma ba da mugunta suke ba da shawarar ba, sai dai injunan sun sauya. Da irin ƙurar da muke sha a nan, juye a kowane kilomita 5,000 tare da sabuwar matatar mai ya fi kwanciyar hankali. Ga wani abu da ke ruɗa mutane: motar Amurka da mil take ƙidaya, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne, saboda haka idan agogon ya ƙara mil 3,100, lokacin juye ya yi. Tsakanin Gombe da Bauchi kusan kilomita 150 ne, zuwa da dawowa 300, ka ga cikin wata uku ko huɗu za ka cika adadin. Matatar iska kuwa ka ciro ta ka duba kowane wata daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Tun da doguwar hanya kake bi ta Alkaleri, bari in ƙara maganar taya ko da ba ka tambaya ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT, misali 2321, ma'ana mako na 23 na shekarar 2021. Tsohuwar taya tana iya zama da zane mai kyau amma robar ta bushe, kuma kwalta mai zafi ta watan Afrilu ba ta yi mata uzuri. Iskar da za a sa mata tana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ita za ka nuna wa mai faci.

TAMBAYA: Ina zaune a Yalwa, Bauchi, ina da mota da direba mai kai yara makaranta. Tun da aka cire tallafin man fetur kuɗi ke fita ban san inda suke tafiya ba, kuma ba na son in zargi bawan Allah da abin da bai yi ba. Yaya zan yi?

AMSA: Hajiya, kin kyauta da ba ki fara da zargi ba. Tun 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin, mota ta zama wani gida na biyu da ake ciyarwa, kuma maganin damuwarki ƙaramin littafi ne da biro a cikin motar. A cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a rubuta kwanan wata da lambar agogo. Ranar da aka koma gidan mai a sake cikawa, a rubuta litar da ta shiga da sabuwar lambar. Idan motar ta yi kilomita 400 ta sha lita 40, to tana yin kilomita goma da lita ɗaya. Ki rubuta lita, ba naira kawai ba, domin farashi yana sauyawa amma lita ba ta sauyawa. Bayan cikawa huɗu ko biyar za ki san halin motarki, kuma idan adadin ya faɗi kwatsam, sau da yawa laifin na fulogi ne, ko matatar iska, ko taya mai ƙarancin iska, ko birki mai kamawa. A bayan littafin a riƙa rubuta kowane gyara, da kuɗin kaya daban da na aiki daban, da ranar sabunta takardu da inshora. Ki sa direban da kansa ya riƙa cikewa, domin littafin zai kare mutuncinsa kamar yadda zai kare aljihunki.

TAMBAYA: Ɗan ƙanwata ya kammala sakandare a Gombe, ba shi da zance sai na tseren motoci. Wace kyauta ta dace da shi?

AMSA: Alhaji, Allah ya sanya albarka a karatunsa. Ka fara gano irin tseren da yake bi. Idan Formula 1 ne, hula ko rigar ƙungiyar da yake so za ta faranta masa, kuma da yawa daga matasanmu suna bin Lewis Hamilton, wanda ya ci kambun duniya sau bakwai kuma ya koma Ferrari a 2025. Idan tseren hamada ne, ka nema masa ƙaramin samfurin Toyota Hilux irin wadda Nasser Al-Attiyah na Ƙatar ya ci gasar Dakar da ita a 2019, ka kuma ba shi labarin cewa a da gasar tana ratsa Agadas ta Nijar kafin a mayar da ita Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. A nawa ganin, wadda ta fi duka ita ce akwatin sifanu da ƙaramar na'urar OBD2 da ake haɗawa da waya ta karanta matsalar inji, tare da izinin zama a garejin amintaccen bakanike kafin jami'a ta buɗe. Makullin mota dai ka jinkirta shi sai ya cika shekara 18 ya sami lasisi, kuma ka faɗa masa ƙarara cewa wasan mota da samari ke yi a titi ranar biki ba shi ne tseren da yake kallo ba, domin can akwai hular kwano, da shingen ƙarfe a cikin mota, da motar asibiti a bakin fili.