Ku Tambaya Mu Amsa: Iyaka, Esans da Buhun Wake

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonnin da suka shigo ta WhatsApp kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar tattalin arziki da zamanmu da ƙasashen waje, kuma yawancinsu daga nan Damagaram ne da kewaye. Na zaɓi huɗu, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Malam ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Dole, shekara da shekaru ta Kwatano nake ɗauko kaya, yanzu sai ta Lome, kwantena ɗaya sai ta yi min wata biyu ko fi a hanya kuɗin mota ya ninka, masu saye kuma ni suke zagi wai na tsauwala. Abin da ya ɗaure min kai, man mu yana bi ta Benin ya shiga jirgin ruwa amma shinkafa da taliya ba su iya biyowa ta can su zo. To miye ribar fitarmu daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (ECOWAS)? Daga wani Alhaji, Zango.

AMSA: Alhaji Allah ya ƙara buɗi. Da farko mu raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa, fita daga CEDEAO daban, rufe iyakar Benin daban. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 CEDEAO ce ta ƙaƙaba mana takunkumi, aka rufe iyakoki, aka riƙe kuɗin ƙasa a babban bankin yankin, Najeriya ta yanke wuta alhali kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da muke sha daga can yake zuwa, mu nan Damagaram ai ba labari aka ba mu ba tunda layinmu daga Katsina ya taso ya biyo ta Gazawa. Har magani sai da ya yi wuya. Wanda ya ga wannan lokacin ba zai yi mamakin fushin da mutane suka yi ba, ni kaina na yi, don yunwa da duhu ba su san wanda ya yi juyin mulki ba, talaka suka sani. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, iyakarmu da Najeriya ta buɗe a Maris, Benin ma ta buɗe nata ɓangaren, amma hukumominmu suka bar gadar Gaya a rufe, hujjarsu ita ce tsaro, suna zargin akwai sansanonin Faransa a Benin da ake shirya mana sharri, Benin kuma ta musanta. Ita kuwa fitar, an sanar da ita 28 ga Janairu 2024 tare da Mali da Burkina Faso, ta tabbata 29 ga Janairu 2025, kuma har yanzu muna cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, da Benin ɗin da Togo, kuɗinmu ɗaya.

To abin da ke cin aljihunka Alhaji hanya ce. Kwatano zuwa Yamai kilomita dubu da 'yan kai ne, ta Lome kuwa sai an ratsa Togo gaba ɗaya a shiga Burkina a jira ayari ya cika sojoji su yi rakiya saboda 'yan bindiga, direba yana zaune yana cin kuɗin guzuri mota ba ta motsi, sannan in kaya sun iso Yamai akwai sauran wajen kilomita 900 kafin su shigo Dole. Duk kwanan da kamiyo ta yi a tsaye a kan buhun shinkafa ake lissafa shi, kuma mai sayen tiya ɗaya ke biya daga ƙarshe.

Maganar mai kuwa ka taɓo inda yake min ciwo. Bututun nan daga Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin kusan kilomita 2000 ne, kuma shi ma rigimar ta shafe shi, a Mayu 2024 Benin ta hana lodi ta ce a buɗe iyaka tukuna, sai da Sinawa suka shiga tsakani jirgin farko ya ɗauka, a Yuni aka kama 'yan Nijar biyar a tashar, mu kuma muka rufe famfo, sai daga baya aka ci gaba. Kaga kenan inda kuɗin ya yi nauyi an samu hanyar zama a yi magana ko ana fushi da juna. Ra'ayina shi ne abin da aka yi wa ɗanyen mai a yi wa abinci da magani, a zauna da Benin a tsara yadda za a binciki kowace mota a gada, a sa jami'an ɓangarorin biyu, in tsaro ne damuwar ai mutane da kaya suna ta tsallake kogi da kwale-kwale tsakanin Malanbil da Gaya kullum, kuma can babu mai bincike kamar yadda za a yi a kan gada.

Ribar fita? Akwai wadda ba ta shiga ma'auni, wato a daina yanke mana hukunci daga nesa, sojojin Faransa sun tafi a Disamba 2023, na Amurka sun bar Agadez a 2024, kuma ban raina wannan ba ko kaɗan. Amma AES, ƙawancen ƙasashen Sahel da muka kafa da Mali da Burkina, ƙasashe uku ne kuma duk ukun babu mai teku, Mali da Burkina 'yan'uwa ne na gaske sai dai abin da muke sayarwa kusan shi suke sayarwa, dabbobi da hatsi da ma'adinai. Mu kuma a nan gabas Kano ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba, kilomita 240 ko makamancin haka. Tun zamanin Sarki Tanimun arzikin garin nan a kan ayari ya tsaya, daga Kano a ratso ta nan a nufi Agadez har Tarabulus, birni ne na hanya, ranar da hanya ta mutu kasuwa ta bi ta. Saboda haka duk mai tsara hulɗarmu da waje ina roƙon ya riƙa tunawa da Dan Barto da Magarya, ƙofofinmu na shiga Najeriya, kamar yadda yake tunawa da Mosko da Ankara.

TAMBAYA: Ni ɗan kabu-kabu ne. A watan Maris na 2025 na kwana biyu ina bin layi a gidan mai ban samu ba, ga matata nan a bayan gari kan hanyar Tanut. Wai man namu ne ko na Sinawa?

AMSA: Ƙanena sannu da ƙoƙari, na ga layukan nan da idona kuma na san wanda babur ne gonarsa kwana biyu ba aiki yana nufin gida ba a ɗora tukunya ba. Matatar SORAZ an buɗe ta a Nuwamba 2011, kashi 60 na kamfanin CNPC na Sin ne kashi 40 na Nijar, kuma ganga dubu 20 take iya tacewa a rana, iyakarta kenan tun ranar da aka gina ta. Ganga dubu 90 da kake ji ana cewa sun ƙaru ɗanyen mai ne da ke wucewa teku, ba ya shiga tankin babur sai an tace.

To me ya sa da tana isarmu yanzu ba ta isa? Ka tuna 'yan ruwa-ruwa da kwalabensu a bakin titi. Shekaru da yawa rabin garin nan man Najeriya yake sha don gwamnatinsu na biyan tallafi yana da arha, har matatarmu ta riƙa samun rara tana sayarwa waje. Ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya cire tallafin, mai ya yi tsada a can, duk masu sayen na kwalba suka dawo gidan mai, sannan a Yuli 2024 gwamnatinmu ta rage kuɗin lita zuwa sefa 499, dala ɗari ba tamma ɗaya, wanda alheri ne ga talaka amma ya sa namu ya fi na maƙwabta arha, jarkar da da take shigowa sai ta juya tana fita. Buƙata ta hau matata kuma tana nan yadda take. Kuma da abin ya yi tsanani a Maris ɗin, Abuja wakilanmu suka je aka turo tankoki, ga wanda yake ganin za mu iya juya wa Najeriya baya.

Game da Sinawa, a Afrilu 2024 lokacin da baitulmali ya bushe CNPC ta ba Nijar dalar Amurka miliyan 400 a kan za a biya da ɗanyen mai, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A Maris 2025 an kori manyan shugabanninsu uku daga ƙasar, cikin dalilan da aka bayar har da bambancin albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa, kuma wannan koke ne na gaskiya da ma'aikata suka daɗe suna yi. Ina goyon bayan a nemi haƙƙi, kamar yadda aka yi da Orano ta Faransa aka karɓe lasisin haƙar yuraniyom na Imuraren a Yuni 2024 aka mayar da kamfanin yuraniyom na SOMAIR hannun ƙasa a Yuni 2025. Abin da nake tsoro kawai shi ne mu canza mai gida mu ce mun 'yantu. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne, yaranmu nawa ne suka iya tafiyar da matatar nan su gyara ta in ta tsaya ba tare da an jira injiniya daga waje ba, kuma yarjejeniyar da aka sa wa hannu ko da wa aka yi ta, an karanta wa 'yan ƙasa ita ko ba a karanta ba.

TAMBAYA: Malam mijina manomi ne a wajen Matamai, wake muke nomawa mu sayar mu yi hidimar yara. An hana fitar da shi, farashi ya faɗi, buhuna na ɗaki ƙwari na ci. Wannan taimako ne ko cuta?

AMSA: Hajiya Allah ya sa albarka a zuri'a. Dokar ta fito a Oktoba 2024, ta hana fitar da shinkafa da gero da dawa da masara da wake sai dai zuwa Mali da Burkina, kuma a Mayu 2025 an dakatar da fitar da dabbobi gab da babbar sallah. Niyyar a fili take, abinci ya zauna a gida farashi ya sauka, kuma duk wanda ya ga 2005 a yankin nan da Maraɗi, yadda yara suka riƙa ramewa ana kai su cibiyoyin tamowa, ba zai ce gwamnati ta naɗe hannu hatsi na ficewa ba. A kan gero ina tare da su. Amma wake daban ne Hajiya, kin fi ni sani, gero na rumbu ne wake na aljihu, da shi ake biyan magani da kayan makaranta da bikin ɗiya, kuma babbar kasuwarsa kudu ce, Maigatari da Dawanau ta Kano, ba wanda zai ɗauki wake daga Matamai ya kai Bamako ya ci riba. In an toshe masa ƙofa mai birni ya ji sauƙi na wasu 'yan watanni, manomi kuma baɗi ya rage abin da zai shuka, ko ya bi daji da dare ya sayar a wulaƙance.

Abin da ya dace a ganina in an hana fitarwa to hukuma ta zama mai saye, ai don haka aka kafa OPVN, hukumar ajiyar abinci ta ƙasa, ta sayi amfanin da daraja a lokacin kaka ta biya nan take, sannan a faɗi ranar da dokar za ta ƙare don mutum ya san lissafinsa. Kafin nan ki shanya waken ya bushe sosai ki zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS ki ɗaure kowace leda daban iska kar ta shiga, ko jarka mai murfi mai kyau, ƙwarin za su mutu ba sai kin sa magani ba, kuma in ku mata kuna da ƙungiya ku haɗa kayanku wuri ɗaya, mai buhu hamsin ba a taya masa yadda ake taya wa mai buhu biyu.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a jami'ar André Salifou. Yaushe za mu bar sefa mu yi kuɗinmu?

AMSA: Ɗana ina son mu yi namu kuma ba na ɓoyewa. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa kusan 656 ba ta gaba ba ta baya, kuma iyayenka za su ba ka labarin Janairu 1994 da aka wayi gari an raba darajarta biyu ba a tambayi mai tallan goro ba. Amma ka leƙa Dole ka tambayi 'yan canji abin da ya samu naira, a farkon 2023 dalar Amurka ɗaya wajen naira 460 ce a farashin gwamnati, a Fabrairu 2024 ta haura 1500, wanda ya sayar da raguna ya ajiye naira a gida ya ga yadda dukiyarsa ta narke yana kallo. Najeriya kuɗinta ne na kanta kuma tana da mai fiye da mu sau da yawa, duk da haka bai hana ba. Takardar kuɗi tana tsayawa ne a kan abin da ƙasa ke sayarwa waje, da ajiyar da ke babban banki, da gwamnatin da za ta iya kame hannunta ba ta buga kuɗi duk ranar da albashi ya gagara. Mu kuwa har yanzu fatarmu ɗanya take fita a dawo mana da takalmi, gyaɗa da riɗi haka, alhali majemar garin nan sun san aikinsu tun kaka da kakanni. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa nake so ku da ke karanta tattalin arziki ku fara da lissafin abin da Damagaram kaɗai ke saye daga waje a shekara da abin da take sayarwa, in ka haɗa ka turo min zan buga shi a wannan fili.